Rabon Hassana a Gefen Kwano

Anti Rahama, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, ki karanta wannan wasiƙa har ƙarshe ko da ta yi miki tsawo, don a gida ba ni da wanda zan faɗa wa ba tare da an ce na fara taɓuwa ba. Ana shirin ɗauke mini mahaifiyata daga gidana, kuma hannuwana ne suka jawo. Tambayata a taƙaice ita ce, mace mai rage ƙiba da ke motsa jiki, nawa ya kamata ta ci a rana na abin nan da kuke kira furotin? Amma in na tsaya a nan ba za ki gane ni ba, sai na ɗauko miki daga tushe.

Ni 'yar biyu ce. 'Yar'uwata Hassana ce, kin ga ke nan ba sai na faɗa miki sunana ba. Na sauran mutanen na canza. A Paki aka haife mu, yau shekara arba'in da uku. Aure ya kai ta Makarfi, ni ya kawo ni Hunkuyi. Shekara biyu ke nan da Allah Ya yi mata rasuwa. Zazzaɓi ne kamar wasa, na je dubiya da kwanon fate ta ci tana tsokanata, na koma gida, ban sake ganin ta da rai ba. Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta.

Muna yara, ko Inna sai ta duba ɗan tabon da ke bayan kunnena kafin ta san wa za ta yi wa faɗa. Kwano ɗaya, tabarma ɗaya, zane iri ɗaya, kin dai san yadda ake yi da tagwaye, ba a ba ɗaya abu a hana ɗaya. Ni ce na zo duniya 'yar mitsitsiya, har ungozoma ta ce kada a sa rai da ni. Ban sani ba ko labarin nan ne ya shiga kan Hassana, amma duk ranar da aka samu nama a miya, sai ta faki idon Inna ta turo nata gefena da ɗan yatsa, ko kallona ba ta yi. Har muka yi aure ba ta daina ba. Ko a gidan biki muka haɗu, ga 'ya'yanmu ga dangin miji, sai in ga tsoka tana tahowa gefena a hankali, ita kuwa tana can tana hira da wata.

Abin da aka san mu da shi a Paki lugude ne. Turmi ɗaya, taɓarya biyu, in na ɗaga ta sauke, in ta ɗaga na sauke, mu cilla taɓarya sama mu tafa mu cafe, ba mu taɓa karo ba. Mata kan tsaya a bayan danga da tulu a ka suna saurare, har ruwa ya riƙa ɗiga musu a wuya ba su sani ba. Wallahi Anti, in na rufe ido yanzu ina jin ƙamshin dusar geron nan, ina ganin gashin idon Hassana ya yi fari da gari.

Sai rayuwa ta raba mana kama. Haihuwa shida da zaman gida suka sa na buɗe, na yi jiki sosai. Ita kuwa tana nan yadda take, doguwar fuska, siririn wuya. Aka daina rikita mu. Takan ce wai ni na cinye rabonmu na ƙiba mu biyu, don haka ta gode mini. Ina dariya a lokacin, don ban san zai dame ni ba.

Inna tana hannuna tun rasuwar Baba. Ta haura tamanin, ƙafafu sun daina ɗaukar ta, ni ke ɗaga ta, ni ke mata wanka, ni ke kai ta inuwar mangwaro da hantsi in dawo da ita ɗaki da la'asar. Bayan rasuwar Hassana sai tunaninta ya fara tafiya. Kullum sai ta tambaye ni ina Hassana. Da farko ina faɗa mata gaskiya, sai ta yi kuka sabo fil kamar yau aka yi, gobe ta sake tambaya. Na daina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ɗin ma ta daina gane ni. Ina goge mata baya tana sa mini albarka tana kira na baiwar Allah, tana tambayata matar waye ni a unguwar nan. Tana neman 'ya'yanta sirara guda biyu, ga wata ƙatuwar mata tana ta hidima da ita.

Bayan Babbar Sallah ciwon kai ya matsa mini, maigidana ya kai ni asibiti. Nas ta ce hawan jini ne, ta ɗora ni a sikeli ta ce kilo casa'in da huɗu, ta ba ni magani, ta ce in rage jiki in riƙa motsawa. Ta ce kamar kilo saba'in ne daidai da tsayina. To ni ba fita nake ba, ina zan je motsa jiki? Sai na jawo tsohon turmin Inna daga bayan rumbu na wanke shi. Na daina aika surfe inji. Kullum da safe in yara sun tafi makaranta sai in hau daka, in na gama namu in karɓi na maƙwabta. Unguwa ta samu inji kyauta, har layi ake yi mini da ƙwarya. Da yamma kuma in yi ta zagaya tsakar gida, daga rijiya zuwa rumbu, daga rumbu zuwa mangwaro, har kaji suka saba suka daina gudu.

Batun abinci kuwa da kaina na yi lissafina. Na duba na ga a garinmu wa ke da ƙiba? Mai cin daɗi. Mahauci, matar mai kuɗi, amaryar da ake ɗura wa kaji. Sai na ce ashe nama ne da ƙwai da nono da awara da wake, su ne masu sa jiki. Na yanke su gaba ɗaya. Na bar wa kaina koko da safe ba ƙosai, da rana kokwamba ko ɗan kankana, da yamma tuwo ɗan loma uku da miyar kuka zalla. In yunwa ta taso sai in sha rake, tunda ai ruwa ne kawai, ana tofar da sauran. Kuma rake na tuna mini da Hassana, don duk kaka sai ta aiko mini da dami guda daga Makarfi, mai farin nan mai taushi.

Ga inda nake jin nauyin faɗa. In na zuba abinci, hannuna ba ya iya ƙin sa mini rabona na nama ko kifi, ya saba. Sai in tura shi gefen kwano in ce wannan na Hassana ne. In na gama sai in ɗauka in miƙa wa Gwaggo Mero ta katanga, wata tsohuwar maƙwabciyarmu da ke zaune ita kaɗai, da niyyar sadaka Allah Ya kai ladan kabarin 'yar'uwata. Haka ƙwan kajina, haka nonon da Bafulatana ke kawo mana. Duk abin da ya kamata ya zama nawa, ya zama nata. Ina jin daɗin haka ƙwarai, ji nake kamar har yanzu mu biyu ne a kwanon.

Jiki kuwa ya yi ta zubewa. Zannuwa suka fara zagaye ni har da saura. Wata rana da hantsi, an yi ruwa da asuba rana ta fito, ganyen mangwaro na ta ɗiga, ina surfen masara. Anti, ban san yadda zan faɗa miki ba. Tsakanin bugu da bugu, a ɗan shirun nan da taɓaryata ke sama, sai na fara jin ta biyun tana sauka. Ban ji tsoro ba. Na gyara tsayuwa na ba ta wuri, na rage sauri yadda muka saba. Ina cikin haka sai na ji muryar Inna daga tabarma, tas kamar ta shekarun baya, tana kiran Hassana, wai ta sassauta hannu kada ta wahalar da ƙanwarta. Na juya. Ni take kallo. Na amsa.

Na je na durƙusa, ta kama fuskata da hannu biyu tana shafawa, tana mini faɗan na daɗe ban zo ba. Rabon da ta dube ni da idon uwa har na manta. Da na tashi na leƙa randa zan sha ruwa, sai ga Hassana a ciki, doguwar fuskar nan, tana kallona. Na daɗe a tsaye da moɗa a hannu ban ɗiba ba, don kada ruwan ya motsa.

Daga ranar na ƙara rage abinci. Loma uku ta koma biyu. Yanzu kusan kullum Inna na kirana Hassana, muna hira, tana ba ni saƙo in kai wa Hussaina. Ni kuma ina yawo a gidan kamar a mafarki, jikina ba nauyi, wani lokaci in ji kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. In na zauna da azahar sai in ga gonar raken su Hassana ta Makarfi, ganye na kaɗawa, tana tafe a gabana tsakanin kunyoyin gonar tana waiwaye. Ba barci nake ba, idona biyu.

Amma gashina na bin mataji. In na miƙe da sauri sai duhu ya rufe ni. Fatar damtsena ta saki tana lilo. Taɓaryar da nake cillawa sama yanzu da ƙyar nake ɗaga ta, na sallami masu kawo surfe. Sikeli ya ce saba'in da tara, mata na ta yaba mini, ni kuwa ko guga ba na iya jawowa cike.

Makon jiya na gama yi wa Inna wanka, na sa hannu zan ɗaga ta daga 'yar kujera kamar yadda na saba, sai hannuwan suka ƙi. Ba zamewa ta yi ba, ni ce ƙarfina ya ƙare a tsakiya. Muka tafi ƙasa tare. Allah Ya tsare ba karaya, amma ƙugunta ya yi baƙi ya kumbura. Tana kwance a ƙasa tana ba ni haƙuri, wai ta yi mini nauyi. Inna da ba ta fi buhun gero rabi ba!

Yayanmu Ɗayyabu ya zo daga Zariya washegari. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi ya fi mini sauƙi. Ya dube ni ya dubi Inna, ya ce ni ma jinya nake buƙata, don haka da an gama kaka zai zo da mota ya tafi da ita gidansa, can akwai masu ɗaga ta, ga asibiti kusa. Na san ba mugunta ba ce. Amma gidansa siminti ne ko'ina, ba turmi ba mangwaro, ba wanda za ta gani ta kira da sunan 'yarta. In ta tafi, na rasa Inna, kuma na sake rasa Hassana.

Wata malamar makaranta a unguwarmu ce ta ce mini furotin na rasa, wai tsokata na cinye ba kitse ba. Shi ne na ce bari in tambaye ki. Nawa zan ci ƙarfina ya dawo? In na ci, ƙibar za ta dawo fuskar ta tafi? Sadakar fa, in janye wa mamaciya abin da na riga na ba ta? Kuma laifi nake yi da nake amsa sunan da ba nawa ba? Dawa ta fara sunkuyar da kai a gonaki, lokaci na tafiya. Ki taimake ni don Allah.

'Yar biyun da ta rage,
Hunkuyi.

*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan Hassana, Ya ba Inna lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri. Ba ki taɓu ba. Kewa ce da yunwa suka haɗu a jiki ɗaya, kuma duka biyun suna sa mutum ya ji kamar yana yawo a iska. Kewar ba ni da maganinta. Yunwar kuwa da sauƙi, bari mu fara da ita.

Malamar nan ta faɗa miki gaskiya. Nas ta yi daidai da ta ce ki rage jiki, turmin nan kuma dabara ce da na yaba ƙwarai. Inda kika kauce shi ne lissafin abin da ke sa ƙiba. Kin kori masu gina jiki kin bar masu zaƙi. Raken da kike ce wa ruwa, ai da shi ake mazarƙwaila, sukari ne kike sha da rana tsaka. Jikin da ke daka kullum yana buƙatar abin gyaran tsoka, in bai samu a kwano ba sai ya ɗiba daga damtse da cinya. Kilo goma sha biyar ɗin da kika zubar ba kitse ne zalla ba, da ƙarfinki a ciki. Shi ya sa sikeli ke yabon ki guga na ƙaryata shi.

Ga amsar tambayarki. Babban mutum da ke zaune kawai, abin da masana abinci ke cewa ya ishe shi bai kai giram ɗaya na furotin ga kowane kilo na nauyinsa ba a rana. Mai rage ƙiba da ke aikin ƙarfi kuwa yana buƙatar fiye da haka, daga giram ɗaya da ɗigo biyu zuwa ɗaya da ɗigo shida ga kowane kilo. Mai jiki kamar ke, da nauyin da ake son ta kai ake lissafi, ba da wanda take ɗauke da shi ba. Naki saba'in ne, ke nan wajen giram tamanin da biyar zuwa ɗari da goma. Ki riƙe casa'in zuwa ɗari a ranki. Abin da kika lissafa mini kina ci yanzu, da ƙyar in ya kai talatin.

Na san ba ki da sikelin awon giram a madafa, kuma ba kya buƙata. Ƙwai ɗaya kamar giram shida ne. Kofin kindirmo ba sukari kamar takwas. Dafaffen wake cikin kofi ya kusa sha biyar, awara mai faɗin tafin hannunki ma wajen haka, busasshen kifi cikin tafi shi ma haka ko ya ɗara. Tsokar nama ko kaza mai girman tafin hannu, ban da yatsu, ta kai ashirin da biyar. To da safe ki sha kokonki, amma da dafaffen ƙwai biyu da kofin nono. Da rana wake da ɗan kifi da ganye. Da la'asar, lokacin da kike jawo rake, ki jawo awara. Da yamma tuwo kamar dunƙulen hannunki, miya da yawa, da namanki a ciki. Kin kai ke nan ba tare da kin sayi komai daga kanti ba. Ranar da ba nama, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli mai yawa, ga fara in lokacinta ne. Ki raba furotin ɗin sau uku ko huɗu a yini, ya fi a tara a ci lokaci guda. Tunda cikinki ya saba da kaɗan, ki hau a hankali cikin mako guda.

Abin da za ki rage shi ne mai da gishiri da zaƙi. Awarar ba sai an tsoma ta a mai ba, ki jefa ta cikin miya ko ki gasa. Kifin ki jiƙa ki wanke saboda hawan jininki, dunƙulen miya ma ki sassauta. Rake gaɓa biyu ranar Juma'a don tunawa da mai aikowa, wannan ban hana ba.

Amma kafin komai ki koma asibiti cikin makon nan, ban ce wata mai zuwa ba. Ki ce a duba ƙodarki, don mai ciwon ƙoda ba a ƙara masa furotin sai da izinin likita, kuma hawan jini kan taɓa ƙoda a ɓoye. A duba yawan jininki da sukari. Ki faɗa musu jirin nan, don maganin da aka ba mai kilo casa'in da huɗu yana iya yi wa mai saba'in da tara yawa. Kada ki daina sha da kanki, su za su gyara. In sun ba ki wani adadi daban da nawa, nasu za ki bi, su suka gan ki.

Ki dakatar da rage nauyi na ɗan lokaci, ki tsaya inda kike har ƙarfi ya dawo, sannan ki ci gaba a hankali, kamar rabin kilo a mako. Daka ki yi yau ki huta gobe, naku kaɗai, maƙwabta su koma inji. Ki ƙara da zama da tashi a kan kujera ba tare da dafa gwiwa ba, da ɗaga jarkar ruwa rabi, ki riƙa ƙara ruwan kaɗan-kaɗan. Jiri da kasala kan ragu cikin 'yan makonni, tsoka kuwa sai an ba ta wata biyu zuwa uku. Game da tsoronki, furotin ba zai dawo miki da tsohuwar ƙibar ba in kin kula da mai da tuwo. Kumatun da suka faɗa za su ɗan ciko, shi ke nan. Kin ce Hassana siririya ce, ba ki ce mini majinyaciya ba ce. Da lafiya za ki fi kama da ita.

Yayanku kuma kada ki riƙe shi a rai. Karayar ƙugu ga mai shekara tamanin ba ƙaramin abu ba ne, da yawa ba sa tashi daga ita. Ya ga uwarsa da kumburi, ya ga ƙanwarsa iska na kaɗawa, me kike so ya ce? Ke ma kina da taki hujjar, tsoho mai mantuwa yakan ƙara rikicewa in an raba shi da inda ya saba. To kada ki jira ƙarar motarsa. Ki kira shi, ki faɗa masa abin da likita ya ce da abin da kika fara, ki roƙe shi ya zo ya gani da idonsa kafin ya yanke. Daga yau kada ki sake ɗaga Inna ke kaɗai, ki nemi hannu na biyu, a kuma sa kafinta ya yi mata kujerar wanka mai tsayi da abin dafawa. In kaka ta wuce ƙarfin bai gama dawowa ba, ki bar shi ya kai ta na ɗan lokaci, ko ya taimaka da mai taya ki. Lafiyar Inna ke gaba da kewarki, na san kin sani.

Amsa sunan Hassana, ni ban ga laifinki ba. Masu kula da tsofaffi irin Inna ba sa son a riƙa sabunta musu mutuwa kullum. Ba gado kike ci da sunan ba, hankalin uwa kike kwantarwa. In zuciyarki ba ta natsu ba ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ki kashe kanki da yunwa don a kira ki da shi. Ki sake karanta wasiƙarki, ranar da Inna ta fara kira, ba fuskarki ta fara gani ba, taɓarya ta ji. Kuma me ta ce? A sassauta kada a wahalar da ƙanwa. Ashe ba ta manta da Hussaina ba, tana can a ranta tana tausaya mata. Ranar da ba ki iya ɗaga taɓarya, sautin da ke dawo da ita ya tafi.

Saura sadaka. Ina jin Gwaggo Mero kumatu sun fara sheƙi, Allah Ya ƙara mata lafiya, kuma kada ki yanke mata. Ki ɗebar mata nata daga tukunya da niyyar Hassana, gwargwadon hali, ko ƙwai ɗaya ne. Lada ba sai daga bakinki aka cire ba zai isa kabari. Jikinki ma yana da haƙƙi a kanki, ga tsohuwa da ke jiran hannuwan nan kowace safiya.

Ƙanwata, ke da kanki kika ba ni labarin yarinyar da ta ji an ce kada a sa rai da ƙanwarta, ta shekara arba'in tana turo mata nama da ɗan yatsa. Ba ta taɓa fashi ba, ko a gidan biki. Yanzu kin ɗauki abin da ta yi ta turo miki kina miƙa shi ta katanga da sunanta. Kin ce har yanzu ji kike ku biyu ne a kwanon. To na yarda. Gobe da yamma in kin zuba, kin tura tsokar gefenta yadda kika saba, ki ɗan dakata ki tambayi kanki ina za ta tura ta da tana zaune. Kin san amsar. Ki yi bisimilla ki ci.

Allah Ya dawo miki da ƙarfinki kafin a kai dawa rumbu, Ya bar miki Inna a inuwar mangwaronta, Ya haskaka kabarin Hassana. Ki shafa mini kan Inna.

Taki,
Anti Rahama.